Lambar tana jikin takarda ne, ba jikin kwandala ba

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Yau daga ɗaki nake magana, don ruwan Kadif ya hana fita tun safe. Ga ɗan akwatin da na yi muku alkawari makon jiya, bari in matso da shi kusa da kyamara.

Wannan kwandalar azurfa ce ta fam 5, wadda Royal Mint, ma'aikatar buga kwandalolin Birtaniya, ta buga a 2023 don naɗin Sarki Charles na Uku. Ma'aikatar tasu tana Llantrisant, nan kusa da mu a Wales. Irin wannan bugun shi suke kira furuf. Ba ta kashewa a kanti ba ce, ta ajiya ce. Sai an goge hatimin bugawar ya yi ƙyalli, sannan a buga ta a hankali, har sau shida wani lokaci. Shi ya sa kuke ganin filinta kamar madubi, hoton kuma ya yi fari-fari. Ba na taɓa ta da hannu, zanen yatsa ɗaya ya isa ya rage mata daraja.

To ga abin da ya kawo mu. Wannan 'yar takardar da ke cikin akwatin ita ce satifiket, tawa lambarta 4317. Kwanaki a wata kasuwar masu tara sulalla na ga wani dattijo da irin tawa sak, amma tasa takardar lamba 8 ce, ya ce sai an ba shi ninki biyu. Na ce, ranka ya daɗe, nuna min inda aka rubuta 8 a jikin kwandalar. Ya yi dariya kawai.

Ku duba da kyau, gaba da baya, har gefenta. Babu lamba ko ɗaya. Idan na ɗauke tawa na sa a akwatinsa, ya sa tasa a nawa, wallahi ko shi kansa ba zai gane ba. Kuma kada ku ɗauka mai lamba 8 ita ce ta takwas da ta fito daga inji. Takarda daban ake bugawa, kwandala daban, a wurin shirya kaya ne suke haɗuwa.

Kuɗin takarda ba haka yake ba. Ciro naira daga aljihu, lambar a jikinta take, ba ta rabuwa da ita. Da Bankin Ingila ya fitar da fam 5 na roba mai hoton Churchill a 2016, mutane sun yi ta farautar waɗanda suka fara da AA01, ta farkon ma Sarauniya Elizabeth aka bai wa. Wannan na fahimta, domin lambar ita ce kayan.

Amma fa ba zan ce muku lambar satifiket ba ta ƙara komai ba, kasuwa ba ta jin wa'azi. Lamba 1 tana samun mai so, haka ta ƙarshe. Masu saye daga Sin kuma suna son 8 da 888 saboda suna ganin akwai sa'a a ciki. A Amurka ma, a 2019 ma'aikatar buga kuɗinsu ta fitar da wata dalar azurfa mai mikiya guda 30,000 kacal, kowace da takarda mai lamba, abin da ba su saba yi ba, ta ƙare cikin 'yan mintoci. Sai dai ƙarancin adadin ne ya ja mutane. Dubi kwandalolin 50p na Birtaniya na Kew Gardens, wani lambu a Landan, na 2009, guda 210,000 aka sake, ko takarda ba su da ita, amma har yau ana rububinsu.

Lambar da nake girmamawa ita ce ta kamfanonin tantancewa irin NGC da PCGS. Su suna duba kwandalar, su ba ta maki daga 1 zuwa 70, su rufe ta cikin roba tare da lambarta. Ka shiga shafinsu ka sa lambar, bayaninta ya fito. A nan lamba da kaya sun zama abu guda, kuma tazarar farashi tsakanin maki 69 da 70 ta kan ba mutum mamaki.

Abu ɗaya dai, kada ka yar da takardar ko akwatin don na ce lambar ba wani abu ba ce. Na taɓa kai wata wurin dillali babu takardarta, ta ɓace lokacin da muka tashi daga tsohon gida, nan take ya zaftare min kuɗi.

Dattijon nan kuwa, da na zagayo da la'asar kwandalarsa tana nan kan tebur, har ya soke farashin farko da biro. Bari in mayar da tawa cikin akwati in tashi, an kusa Magariba.