Ashe naɗin kyauta ya fi kyautar tsada

Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da sanyi. Ku yi haƙuri da hakin da nake yi, yanzu na hawo bene da ledoji huɗu. Yau 27 ga Disamba, daga cikin garin Manchester nake, ƙarfe huɗu ba ta yi ba har duhu ya rufa. Bari in faɗa muku abin da ya fitar da ni cikin wannan hunturun.

Sati biyu da suka wuce autata ta dawo daga makaranta, wai kowa zai kai wa malamarsu kyauta kafin hutun Kirsimeti. Na ce ba laifi, wadda ke fama da 'yarki kullum ai ta ci tukwici. Na sayi kofin shayi da cakulan, fam 5. Sai abin naɗewa: 'yar jakar takarda mai walƙiya fam 3, kati fam 3 da rabi, zaren ado fam 2. Wallahi a gaban mai karɓar kuɗi na tsaya ina lissafi da yatsu. Fam 8 da rabi! Wajen naira dubu 17 ke nan a canjin lokacin, a kan abin da za a yage a watsa a shara. Kunya ce ta hana ni mayarwa. Na biya, na yi ta tsaki har tashar bas.

Ni fa a Zariya na tashi. Ranar sallah Inna za ta zuba tuwo a langa, ta ɗora min a ka, in kai gidan maƙwabta. A juye, a wanke, a maido min da kwanon har da 'yan kuɗi a ciki. Mazubin ma gida yake dawowa. Kai, na tuna miyar taushen Inna, bari in yi shiru kawai.

Ga kuma maganar katin gaisuwar Kirsimeti. Yara talatin ne a ajinsu, kowa sai ya rubuta wa kowa. 'Yar uwa, kada ki kuskura ki saya ɗaiɗai, fakiti ake saye, irin na kantunan Poundland ko Card Factory. Kada ki aika ta gidan waya ma in ba dole ba, kan sarki mai saurin isa ya kai fam 1.70 a 2025. Na maƙwabta ta ramin ƙofa nake zura musu, su ma haka suke min. Wani Bature ne, Henry Cole, ya fara buga katin nan na sayarwa a Landan a 1843. Shi ya jawo mana.

Wata tsohuwa da muke katanga ɗaya na ba wa labari, ta yi ta dariya. Ta ce ita rabonta da sayen takardar naɗi kafin biki ta manta, sai an wuce 26 ga wata, ranar da suke kira Boxing Day, kantuna sun matsu su kwashe kayan daga kanta. Shi ne yau na sa rigar sanyi biyu na fita.

Ku duba. Wannan naɗin takardar da na gani fam 2 da rabi, yau fam 1 na ɗauko uku. Fitilun nan masu ƙyaftawa rabin kuɗi. Kada ku ce me Hajiya za ta yi da fitilun Kirsimeti. Azumi na tafe a Fabrairu, sallah a Maris, su zan zagaya falo da su, in yanka jinjirin wata da kwali in rataya. In kika jira sai azumi ya zo, fitilar nan dai ce za a liƙa mata wata da tauraro a intanet a ninka miki kuɗi. Amma ki buɗe ido wajen zaɓe: ruwan zinare, kore, mai taurari, su za ki ɗauka. Bara na yi garaje, na tashi naɗe kyautar suna na tarar da hoton tsohon nan na Kirsimeti mai jajayen kaya da barewarsa sun cika takardar.

Takarda mai ƙyalƙyali kuma ki bar musu abinsu. Ba a sake sarrafa ta, kuma har yau ina tsintar ƙyallin a kafet. Ki dunƙule takarda a hannu: in ta zauna a dunƙule, ta shiga kwandon takardun da ake sake sarrafawa, in ta buɗe kanta, shara ce.

Abin da ya fi yi min daɗi ma ban saya ba. Ragowar atamfa da tela ya haɗo min daga gida, da ita na ƙulle kyautar abokiyar aikina, ƙulli irin na ƙunshin goro. Washegari sai ga ta ta ɗaura ƙyallen a wuya, ofis kowa na tambayar a wane kanti. Na ce kantin na da nisa, sai an hau jirgi.

Ga Abban yara can ya shigo, yana kallon ledojin nan. Bari in tura su ƙarƙashin gado kafin ya fara tambayar rasit.