Yaro Mai Ciwon Daji a Asibiti: Ina Ya Kamata Sadakarmu Ta Je?

An rubuto daga faifan wata lacca da aka gabatar a Kaduna.

Assalamu alaikum. Iyayenmu, malamanmu, 'yan uwa masu aikin sa-kai, sannunku da zuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce duk shekara yara kimanin 400,000, daga jarirai zuwa 'yan shekara 19, ke kamuwa da ciwon daji. A ƙasashe masu arziki sama da kashi 80 cikin ɗari suna warkewa. A yawancin ƙasashe matalauta ba a kai kashi 30 ba. Shi ya sa a 2018 hukumar ta ɗaura niyyar kai adadin masu warkewa a duniya zuwa kashi 60 kafin 2030. Dalilan giɓin suna da yawa, amma ɗaya zan riƙe yau, domin shi ne wanda ni da ku za mu iya taɓawa: barin magani a tsakiyar hanya.

Ku ɗauki ciwon nan mai kumbura muƙamuƙin yaro, wanda likita Denis Burkitt ya bayyana a Yuganda a 1958. Yana girma da sauri, amma yana jin magani da sauri. A yi wa yaro kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin ciwon daji, zagaye ɗaya ko biyu, kumburi ya sace, sai uba ya ce, "Alhamdu lillahi, ya warke, mu koma, ga damina." Alhali da sauran zagaye. In ciwon ya dawo, ya fi wuyar sha'ani.

Kada ku yi saurin zargin uban nan. Mutum ne ya taso daga Kachia ko Birnin Gwari zuwa asibitin Barau Dikko na nan Kaduna, aka tura shi asibitin koyarwa na Shika a Zariya. Ya sayar da akuya, ya jinginar da gona, uwar yaron tana kwana a tabarma gefen gado, ƙannensa suna gida hannun maƙwabta. Kuɗin mota kaɗai kan hana shi dawowa ranar da aka sa masa.

To, mu kuma masu taimako me muke yi? Ranar Sallah mu shigo da katan ɗin biskit, a ɗauki hoto, a sa a Facebook. Allah Ya ba da lada, amma biskit ba ya dawo da yaro zagaye na uku. Ku biya kuɗin mota. Ku ɗauki nauyin abincin mai jinya da kuɗin gwaji. Ku ba da jini, domin kemo yana rage jini ƙwarai. Malamai suna nan, su shaide ni: matalauci da wanda bashi ya danne suna cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Hoton ɗan wani yana kwance kuwa, don Allah a bari, sai da yardar iyayensa.

Sai batun abubuwan da ke rakiyar magani. Yaro yana tsoron allura fiye da sunan ciwon. In kaka ta zauna ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" lokacin da ake neman jijiya, hankalinsa ya ɗauku, kukan ya ragu. Haka takarda da fensirin zane, da waƙa, da karatun Alƙur'ani ko addu'a gwargwadon addinin gidan, da malamar da za ta riƙa yi masa darasi kada a wuce shi a aji. Tausa a hannu da ƙafa ma tana kwantar da jiki, amma a hankali, kada a taɓa kumburin, kuma a tambayi nas tukuna. Duk waɗannan ba sa kashe ciwon. Suna sa yaro ya jure maganin da ke kashe shi.

Hajiya a can baya tana tambayar sassaƙe da jiƙo. Hajiya, hanta da ƙoda su ke fama da kemo, kada a ƙara musu kaya a ɓoye. Duk abin da za a ba shi a nuna wa likita. Ƙaho da tsaga kuwa babu su sam, jininsa ba ya saurin tsayawa.

Garkuwar jikin yaran nan ta yi ƙasa, saboda haka mai mura ya aiko da saƙonsa ya zauna a gida, mai shiga ya wanke hannu. In an sallami yaro ya yi zazzaɓi, a daren a koma asibiti, kada a jira wayewar gari.