Tashar Apapa, ƙofar da kayanmu ke shigowa

Jama'a barkanmu, yau Ikko za mu leƙa, tashar jiragen ruwa ta Apapa. Kar wani ya ce ina ruwan ɗan Arewa da teku, kaya da yawa da kake gani a Kantin Kwari, yadi ne, takalma ne, ta Legas suka sauka kafin tirela ta jido su.

Da can manyan jirage ba sa iya shiga Legas, yashi ya toshe bakin mashigar, sai dai su tsaya can cikin teku ƙananan jirage su riƙa jido musu. Turawan mulkin mallaka suka jera katangun duwatsu suka yashe hanyar, a 1914 babban jirgi ya samu shiga, a 1921 kuma aka fara ginin Apapa. Kuma fa ba don Allah suka yi ba, layin dogo ya riga ya kai Kano tun wajen 1912, to gyaɗar nan da a da ake tara dala da ita, da auduga da fatu da ƙiraga, jirgin ƙasa ke kwaso su a loda a jirgin ruwa sai Ingila. A 1954 aka kafa hukumar NPA mai kula da tashoshin.

A 1975 ne abin ya caɓe. Kuɗin mai sun shigo, gwamnati ta yi odar siminti fiye da ƙima, ɗaruruwan jirage suka yi layi wata da watanni ba wurin sauke kaya, wani simintin ma a cikin jirgi ya daskare, ga kuɗin jinkiri ana ta biyan masu jiragen. Wannan cunkoson ya sa aka gina tashar Tin Can kusa da Apapa aka buɗe ta a 1977.

Har yau babbar matsalar ita ce fitar da kaya, direba ya kwana ya wuni a gosulon Apapa yana jiran kwantena ɗaya, kuma duk kuɗin da ya ƙaru a kanmu masu saye yake ƙarewa, abin da ciwo wallahi. An buɗe tashar Lekki a Legas a 2023, ga tashoshin tsandauri na Kaduna da Dala a Kano inda kwastam za su duba kaya a gida, amma sai jirgin ƙasa na jigila sosai tukuna ɗan kasuwa zai gani a aljihunsa.