Takardun rajistar magunguna masu ƙarfi: wa ke cikewa, wa ke karantawa?

Jama'a masu saurare assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Yau maganar takarda zan yi, na san da jin haka wani zai ce to mene ne abin sharhi a takarda kuma, amma ku ɗan ba ni aron kunnuwanku, don takardar da nake nufi ita ce wadda ke tsaye tsakanin mai ciwon daji da allurar da za ta bar shi ya runtsa yau da dare.

Akwai magungunan da ba a sayar da su kamar farasitamol. Su mofin, fetidin, fentanil, kodin, oksikodon, metadon da dangoginsu. Doka ta sa musu ido saboda suna kama jiki mutum ya saba ya kasa bari, in an wuce kima kuma numfashi suke tsayarwa. Shi ya sa duk wanda zai taɓa su ta hanyar sana'a, kamfanin da ke haɗawa ne ko dila mai rarrabawa ko kantin magani ko asibiti ko likitan dabbobi, har mai bincike a jami'a, sai ya yi wata rajista ta daban ban da lasisin aikinsa da yake da shi. Tushen abin yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta 1961, aka ƙara wata a 1971 kan magungunan da ke taɓa ƙwaƙwalwa, aka sake ƙara ta 1988 kan fataucin miyagun ƙwayoyi da sinadaran da ake haɗa su da su. Akwai hukumar ƙasa da ƙasa mai sa ido kan waɗannan magunguna a birnin Biyenna da ake kira INCB, kowace ƙasa duk shekara sai ta aika mata ƙiyasin abin da za ta buƙata, kuma kaya ba ya tsallake iyaka sai da takardar izinin shigowa daga wannan ɓangare da ta fitarwa daga wancan. Amma abin da mutane da yawa ke mantawa shi ne ita wannan yarjejeniya ta 1961 tun a gabatarwarta ta faɗi cewa waɗannan magunguna ba makawa ake buƙatarsu wajen rage raɗaɗi, kuma dole a tanade su. Wato aiki biyu aka ɗora wa gwamnatoci, a hana ɓarawo, a kuma kai wa majinyaci. Na farkon ne kawai ya samu fom da hatimi.

Ni fa ba na cikin masu cewa a soke takarda. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ɗakin magani na asibiti lokacin canjin aiki ya ga dalili da idonsa. Nas mai tashi da nas mai karɓa su tsaya gaban akwatin ƙarfe, makulli a hannun ɗaya, littafi a hannun ɗaya, ana ƙirga 'yan kwalaben allura ɗaya bayan ɗaya. Littafi ya ce 40, hannu ya ce 39. Ba wanda zai tafi gida. A sake ƙirgawa, a duba katin majinyata, can sai a tuna da azahar ɗaya ta faɗi ta fashe kuma ba a rubuta ba saboda an kawo wani a gaggauce, sai a nemo wanda ya gani ya sa hannu a matsayin shaida. Wannan rubutun yana da amfani wallahi, shi ke kare ma'aikacin kirki daga zargi, shi ke tona asirin mai ɗan hali tun yana ɗaukar ɗaya ɗaya kafin ya kai ga kwali. Irin wannan takarda ko nawa ce a yi ta.

Matsalar tana wajen ɗaya irin, takardar da ake cikewa don kawai a ce an cike.

Mu ɗauki Amurka tunda su komai nasu a rubuce yake a fili. Dokarsu ta 1970 ta kasa waɗannan magunguna aji 5, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta DEA da aka kafa a 1973 ita ke rajista. Kantin magani da likita da asibiti fom 224 suke cikewa, a sabunta duk shekara 3, kuɗinsa dala 888 tun ƙarin da aka yi a 2020. Masu haɗawa da masu rarrabawa da masu bincike fom 225, su kuma duk shekara ne, mai haɗawa ya biya dala 3,699 mai rarrabawa dala 1,850. Cibiyar da ke jinyar masu shaye-shaye da metadon nata fom ɗin daban, 363. Za ka sayi maganin aji na 2 kamar mofin, fom 222, wanda shekara da shekaru mai kwafi uku ne sai a 2019 aka mai da shi falle ɗaya. An yi maka sata, ka sanar a rubuce cikin ranar aiki ɗaya sannan ka cike fom 106. Magani ya lalace za ka zubar, fom 41. Duk shekara 2 ka ƙirga duk abin da ke hannunka, ka adana takardun aƙalla shekara 2, na aji na 2 kuma a ware su daban kar su haɗu da sauran. Sannan rajistar ta wuri ce, in kana da reshe biyu rajista biyu ke nan, kuma kafin ma ka je wajen DEA sai jiha ta ba ka nata izinin tukuna, wasu jihohin ma suna da tasu rajistar ta daban a kan wannan maganin dai.

Don adalci, Amurka tana da wata doka ta rage yawan takardu tun 1980, aka yi mata garambawul a 1995, wadda ta tilasta wa kowace hukuma ta lissafa awa nawa fom ɗinta ke ci wa jama'a ta buga kowa ya gani ta nemi ra'ayi. Abu ne mai kyau kuma ina fata kowace ƙasa ta yi haka. Sai dai lissafin yana ƙirga lokacin karanta umarni da tattaro bayani da cikewa ne, ba ya ƙirga makonnin jira, ba ya ƙirga fargabar da ke sa mai ƙaramin kanti ya ce shi kam ya haƙura da ajiye mofin gaba ɗaya tunda ribarsa kaɗan ce kuma kuskure ɗaya a littafi zai iya cin lasisinsa. Babban kamfani yana da sashe guda na ma'aikata da lauyoyi ba su da aiki sai wannan. Mai ƙaramin kanti shi ne mai sayarwa shi ne akawu shi ne mai cike fom bayan ya rufe ƙofa da dare. Fom ɗin iri ɗaya ne amma nauyinsa ba ɗaya ba ne.

To yanzu ku saurari abin da ya fi ci mini rai. A wani ƙaramin gari da ake kira Kermit a jihar Wes Bajiniya, mutanensa ba su wuce 400 ba, an kai wa kantin magani guda ɗaya ƙwayar haidirokodon, wani maganin raɗaɗi dangin su mofin, kusan miliyan 9 cikin shekara 2. Wani ɗan jarida Eric Eyre ne ya bankaɗo wannan a ƙarshen 2016 har ya samu lambar yabo ta Pulitzer a kai. A 2019 kuma kotu ta sa aka saki bayanan da kamfanoni ke aika wa DEA, sai ga shi daga 2006 zuwa 2012 an rarraba ƙwayar oksikodon da haidirokodon biliyan 76 a ƙasar. Masu saurare waɗannan ƙwayoyin fa ba ta daji aka shigo da su ba, kamfanoni masu rajista ne suka sayar wa kantuna masu rajista, kuma lissafin yana nan a kwamfutar gwamnati, daga can ma aka ciro shi. An cike fom, an aika rahoto, abin da aka rasa shi ne wanda zai zauna ya duba ya ce tsaya, garin mutum 400 me zai yi da miliyan 9, ya kuma ɗauki mataki a kan lokaci. Ƙasar da daga baya ta riƙa binne mutum sama da 100,000 a shekara saboda ƙwaya ta yi musu yawa, kamar yadda aka gani a 2021 da 2022.

A daidai wannan lokacin kuma, likitan da ke son rubuta bufrenofin, maganin da ke taimaka wa wanda ƙwaya ta kama ya rabu da ita, sai ya nemi wani izini na musamman a ƙarƙashin wata doka ta shekarar 2000, ya yi kwas na awa 8, kuma da farko majinyata 30 kawai aka yarda ya riƙe. Amma rubuta ita ƙwayar da ke jawo matsalar ba ta buƙaci wannan ƙarin izinin ba. An bar jaki ana dukan taiki ke nan. Sai a ƙarshen Disamba 2022 aka soke wannan sharaɗi, bayan shekara 22.

Indiya kuma labarinta ya fi ban tausayi, don ita tana cikin ƙasashen da ke noman fofi bisa doka, wato tsiron da ake samun mofin daga gare shi, har tana sayar wa duniya. A 1985 ta yi doka mai tsauri kan miyagun ƙwayoyi, kowace jiha ta kafa nata ƙa'idoji, sai ya zamana asibiti kafin ya samu mofin yana buƙatar lasisi iri-iri, na mallaka, na sufuri, na shigowa daga wata jiha, na fitarwa daga jihar da kamfanin yake, kowanne daga ofishi daban kowanne da ranar ƙarewarsa. Kafin na ƙarshe ya fito na farko ya mutu, ka koma baya ka sake. Asibitoci suka gaji suka bari. Amfani da mofin a ƙasar ya faɗi da sama da kashi 90 cikin 100 daga 1985 zuwa 1997, aka yaye likitoci da nas-nas da ba su taɓa ganin ƙwayar mofin ta sha da idonsu ba. Ku yi tunanin mai ciwon dajin ƙashi yana kwance yana ihu, likita ya san maganin, maganin ba shi da tsada, a ƙasar ake noma shi, amma babu a asibitin saboda takarda ɗaya ta ƙare kafin ɗaya ta fito. Likitoci irin su Dokta Rajagopal na jihar Kerala suka yi ta faɗi-tashi shekara da shekaru, sai a 2014 majalisa ta gyara dokar ta ware wasu magunguna a matsayin na dole, ta mai da ƙa'idarsu ɗaya a duk ƙasar da izini guda daga hukuma guda.

Kuma kar a ɗauka abin na Indiya ne kaɗai. Wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet a 2017 ya gano cewa rabin mutanen duniya mafi talauci ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na irin waɗannan magungunan rage raɗaɗi da ake rarrabawa. Dalilan suna da yawa, akwai talauci akwai ƙarancin horo akwai tsoron kamuwa, amma ita kanta INCB ta sha lissafa tsauraran ƙa'idoji da tsoron hukunci a cikin abubuwan da ke hana magani isa ga mai buƙata. Yuganda ta nuna ana iya sassautawa ba tare da an saki ragama ba, a 2004 ta ba nas-nas da aka yi wa horo na musamman damar rubuta mofin na ruwa, saboda likitocin ba su isa ko'ina ba.

Abin da nake roƙon masu tsara doka a ko'ina suke shi ne, kafin a ƙirƙiro sabon fom a zauna a amsa tambaya ɗaya da gaskiya, wa zai karanta shi, kuma in ya karanta me zai yi. In amsar ita ce za a jera shi a kabad ne to a bar shi. Bayanin da mai sana'a ya riga ya ba wata hukuma kar a sake tambayarsa, hukumomin su yi magana da juna, ai aikinsu ne. Lasisin da suka dogara da juna a sa su ƙare rana ɗaya. In mutum ya nemi sabuntawa a kan lokaci kuma ofis ne ya yi jinkiri, tsohuwar rajistarsa ta ci gaba da aiki har a ba shi amsa, don majinyacinsa ba zai jira ba. A koma intanet, i, DEA ma tun 2022 ta daina karɓar fom ɗin rajista na takarda, amma mai da fom mai maimaici zuwa kwamfuta bai rage komai ba in tambayoyin suna nan yadda suke, kuma a tuna da asibitin karkara da intanet ɗinsa ke zuwa yana ɗaukewa. A kuma bambanta kuskuren alƙalami da sata, wanda ya manta rubuta kwanan wata a gyara masa, wanda ya karkatar da kwali a kama shi da gaske.

Lokacin da za a samu daga rage wannan maimaici kuwa akwai inda ya kamata ya tafi. A zuba shi a kan mutanen da za su zauna gaban alƙaluman da kamfanoni ke aikowa kullum, su kwatanta yawan ƙwayar da ke shiga gari da yawan mutanen garin, su ɗaga waya a ranar da suka ga lissafi ya kauce, su kuma lura da ɗaya gefen, gundumar da ke da asibitin masu ciwon daji amma wata 6 ba ta yi odar mofin ko kwalba ɗaya ba, su kira su ji me ya tsaya kuma a teburin wa takardar ta maƙale.

Nan za mu dakata a sharhinmu na yau, a huta lafiya.