Wanda ya ƙirƙiri ƙwallon kwando, amma ya fi shan kashi

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri in kun ji muryata na rawa, sanyin Lawrence ne, jihar Kansas ta Amurka. Wannan dattijon na tagulla da kuke gani zaune a bayana, da ƙwallo da kwando, shi ne James Naismith. Duk mai jefa ƙwallo a kwando, ko a Kano ko a Yawunde, wasan mutumin nan yake bugawa.

Asalinsa ɗan Kanada ne, an haife shi a Almonte a 1861. Yana shekara 9 zazzaɓin taifot ya ɗauke iyayensa duka biyu, ya tashi a hannun kawunsa. Har makaranta ya taɓa bari ya shiga daji aikin sare itatuwa, daga baya ya dawo ya gama Jami'ar McGill, ya ƙara da karatun addinin Kirista.

A Disambar 1891 yana koyarwa a makarantar YMCA, wato ƙungiyar matasan Kirista, ta Springfield a jihar Massachusetts. Hunturu ya kulle ɗalibai a ɗaki, sun gundura, sun addabi kowa. Shugabansa Luther Gulick ya ba shi mako 2 ya samo musu wasan cikin ɗaki. Ya nemi akwatuna bai samu ba, aka ba shi kwandunan 'ya'yan itace guda 2, ya kafe su a tsayin ƙafa 10. Ɗalibai 18, tara nan tara can, da ƙwallon ƙafa suka fara. Kwandon ma ba a huda gindinsa ba, duk cin da aka yi sai an hau an ciro ƙwallon!

To, abin da ya kawo ni nan daban ne. A 1898, bayan ya gama karatun likita a Denver, Jami'ar Kansas ta ɗauke shi ya riƙa jagorantar addu'o'in ɗalibai, ya kuma koyar da motsa jiki. Shi ne kocin farko na ƙungiyarsu ta ƙwallon kwando, har zuwa 1907. Ya ci wasa 55, an cinye shi 60. A duk tarihin ƙungiyar nan shi kaɗai ne kocin da faɗuwarsa ta fi nasararsa yawa. Mai wasan da kansa fa!

Da farko dariya na yi, wallahi. Da na ƙara bibiya sai na ga mutumin malami ya ɗauki kansa, cin kofi bai dame shi ba. Sau da yawa in yaransa na wasa, shi yana tsakiyar fili da usur yana alƙalanci. Ana ba da labarin ya ce wa ɗalibinsa Phog Allen wai ƙwallon kwando ba a koyar da shi, bugawa kawai ake yi. Allen bai ji ba. Ya horar da Kansas kaka 39, ga katafaren ɗakin wasan can da sunansa, Allen Fieldhouse, a kan titin Naismith.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne John McLendon, ɗalibi baƙar fata a zamanin wariya. Ba a bar shi ya buga wa jami'a ba, amma Naismith ya ja shi a jiki ya koya masa, har ya zama babban koci.

A cikin ginin nan, DeBruce Center, akwai ainihin takardu 2 da aka buga dokoki 13 na farko a kai. A 2010 wani attajiri, David Booth, ya saye su a gwanjo kan dala miliyan 4.3. Naismith ya ga wasansa ya shiga Olamfik a Balin ta Jamus a 1936, inda Amurka ta ci Kanada 19 da 8 a cikin ruwan sama da taɓo. Ya rasu a garin nan a Nuwambar 1939.

Yatsuna sun fara ƙagewa. Mu shiga ciki in nuna muku takardun, sai dai an rage hasken wajen don kada tawadar ta koɗe, ban san ko kyamarar nan za ta ɗauka ba.