"This" ko "He"? Lacca ga masu koyon Ingilishi a Damagaram

Jama'a, barkanku da yamma. Na baya, kuna ji na? To madalla.

Makon jiya a Kasuwar Dole na ji wani ɗalibi yana gabatar da yayansa ga wani baƙo ɗan Gana. Ya dafa kafaɗarsa ya ce, "He is my brother." Baƙon ya gane, amma kunnen mai Ingilishi zai ji maganar ta ɗan karkace. Abin da ake faɗi a wannan wuri shi ne "This is my brother." Sai an san mutum tukuna "he" yake shigowa: "He sells leather bags."

Kada kowa ya firgita, kun daɗe da sanin wannan. Idan ka kai abokinka gida, me kake ce wa tsohuwa? "Inna, wannan abokina ne, shi ne yake kai ni lakwal a babur." Kalmar "wannan" ce ta fara zuwa, "shi" ta biyo baya. Kalmar nuni, irin su "this", tana ɗora abu a faifai, wakilin suna kuma, irin su "he", yana riƙe shi. Ni a ganina Faransanci ne yake ruɗa ku, domin "c'est" ɗaya tak yana aikin "this is" da "it is", wani lokaci har da "he is". To a nan ku bi Hausarku.

Inda nake so mu ɗan tsaya shi ne "that" da "it". Wani ya ce maka farashin gero ya tashi. Amsarka "That's true", domin maganarsa gaba ɗaya kake nunawa, kamar ka ce "haka ne". Amma idan buhu guda kuke ta tattaunawa tun ɗazu, sai ka ce "It is heavy." Ku kula kuma, mota "ita" ce a Hausa, a Ingilishi "it" ce.

A waya, mai kira yana cewa "This is" sannan sunansa. Ɗan Ingila zai tambaya "Is that…?", ɗan Amurka kuma "Is this…?" Duk daidai ne. Mai ƙwanƙwasa ƙofa ana ce masa "Who is it?", ya amsa "It's me."

Malama, na ga hannunki. Kina tambaya ko za a iya nuna mutum a ce "this one"? A'a, kada ki nuna babba ki ce "this one", yana kama da raini. Yanzu ku tashi bibbiyu, kowa ya gabatar mini da na kusa da shi.