Laccar ɗaliban aikin sauti: kowa na son buga kiɗa, wa zai riƙe bum?

Wannan lacca ce da aka yi wa ɗalibai masu son shiga harkar sauti, na kwafo ta ne daga rikodin ɗin waya, inda hayaniya ta danne maganar na tsallake.

Assalamu alaikum warahmatullah. Malamaina da ke zaune a gaba ina gaisuwa, ƙannena ɗalibai maza da mata sannunku da zuwa. Na baya kuna jina? To madalla. Ɗan'uwa da ke kan miksa kar ka ƙara min murya, fankar can ta kusa da ni za a kashe. Yauwa, na gode.

To ɗazu kafin a shigo na ɗan tambayi wasunku me kuke so ku yi in an gama karatu, kusan kowa amsarsa ɗaya, wai zai buɗe sitidiyo ya riƙa buga wa mawaƙa kiɗa. Ba laifi ba ne, sana'a ce kuma mutane da yawa sun ci abinci da ita. Amma don Allah wanda bai taɓa zuwa ba ya je Zoo Road a Kano ya gani da idonsa, sitidiyo na jingine da sitidiyo, kowa da fiyanonsa Yamaha da kwamfuta mai FL Studio ko Cubase, kowa na zaune yana jiran mawaƙi ɗaya ya leƙo, alhali a daidai wannan lokacin akwai furodusa da ke ta buga waya yana neman mutum ɗaya tak wanda zai je lokeshan ya ɗauko masa magana mai tsabta, kuma da ƙyar yake samu. Wannan giɓin shi na zo in nuna muku yau.

Ku kalli fina-finanmu da shirye-shirye masu dogon zango da ake ɗorawa a YouTube. Hoto ya yi kyau sosai yanzu, kyamarori sun samu, har jirgi mara matuƙi ake tashi da shi a ɗauko gari daga sama. Amma ka rufe idonka minti biyu kawai ka saurara. Za ka ji jarumi na magana kamar daga cikin rijiya, za ka ji janareta na kuka a bayan gida, an yanka zuwa fuskar jaruma sai kukan janaretan ya canza, an dawo kan jarumi ya sake canzawa. Mai kallo ba zai ce maka ga matsalar ba, shi dai kawai zai ji ya gaji ya danna gaba. Mutum zai iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu, amma in bai ji abin da ake cewa ba ya tafi kenan.

Kuma yawancin matsalar ba ta kuɗi ba ce, ta nisa ce. Ku rubuta wannan. A fili, duk lokacin da ka ninka nisan da ke tsakanin baki da makirfo sau biyu, ƙarfin muryar na raguwa da kusan desibel 6, desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti. To ɗauka an bar makirfo a kan kyamara, kyamara na mita 4 daga jarumi. Kai kuma mai bum, wato mai riƙe doguwar sandar da ake rataya makirfo a bakinta, ka kawo naka rabin mita a saman kansa. Daga rabin mita zuwa 1, zuwa 2, zuwa 4, ninki uku kenan, desibel 18. Janareta bai matsa ba, ɗan achaɓan da ke wucewa bai matsa ba, kajin maƙwabta ba su matsa ba, muryar ce kawai ka jawo ta ta hau kansu da desibel 18, ba ka kashe ko sisi ba sai dai kafaɗarka da za ta yi tsami. Shi ya sa nake jin haushi in na ga an miƙa sandar bum ga duk yaron da aka ga ba shi da aikin yi a lokeshan. Mai bum na gaske sai ya karanta labarin, ya san wa zai yi magana bayan wa, ya juya makirfo kafin mutum ya buɗe baki, ya san inda inuwarsa za ta faɗa, ya san iyakar abin da kyamara ke gani.

Sannan sai ka zama mai ɗan taurin kai cikin ladabi. Darakta zai ce maka bar shi kawai za a gyara a editin. Ba za a gyara ba. Muryar da ta yi ƙarfi har ma'aunin rikoda ya shiga ja ta fashe, ta fashe kenan, manhajar cire hayaniya kuma in ka matsa mata da yawa sai ta mayar da mutum kamar yana magana a ƙarƙashin ruwa. Ka roƙa a ja janareta can bayan katanga da doguwar waya, a kashe firji, a kashe fanka, kowa ya sa wayarsa a shiru. In an gama fitowa ka ce don Allah kowa ya tsaya cak na daƙiƙa 30, ka ɗauki shirun ɗakin, don kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi edita zai cike ramukan da ke tsakanin magana. Za su yi maka dariya ranar farko, ranar da edita ya zauna kan aikin shi zai nemi lambarka. Kuma in aikin bidiyo ne ka saita na'urarka a kilohaz 48, bit 24, kar ka bar ta a 44.1 na faifan CD, ka bar wa muryar sarari a sama don in jaruma ta fashe da kuka ko ihu kar ta fasa maka rikodin.

Wani abu da zai bi ku duk inda kuka je a ƙasar nan, wannan gurnanin da ake ji a lasifika, mmmmm, ko ba wanda ke magana. Daga wutar lantarki yake zuwa. Wutarmu a Najeriya da Nijar haz 50 take, wato sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa, a Amurka 60, to in ka kalli bidiyon wani Ba'amurke yana cewa ka yanke sautin haz 60 don cire gurnanin ka bi shi ido rufe ba abin da za ka cire. Kuma kafin ma ka kai ga yankewa, duba wayoyinka. Wayar makirfo mai ƙafa uku, XLR, an yi ta ne don ta kashe irin wannan hayaniyar a doguwar tafiya, kar ka kwantar da ita jere da wayar wuta, in dole su haɗu su gitta juna. Ku koyi liƙa waya da dalma da hannunku, wallahi rabin abin da ake cewa miksa ta lalace waya ce ta tsinke a ciki.

Yanzu bari in zo inda ba wanda ya ambata ɗazu, masallaci da wajen taro. Ku lissafa da kanku, masallatan Juma'a nawa ne a garinku, wuraren tafsiri nawa ake buɗewa da azumi, ga wa'azi, ga maulidi, ga saukar karatu, ga ɗaurin aure da dina, ga taron siyasa in lokacinsa ya zo. Duk da lasifika ake yi. Kuma me ake yi? A sayo ampilifaya Ahuja, a ɗaura ƙahonni a ko'ina, a murɗa komai zuwa ƙarshe, liman na huɗuba na sahun baya na jin ƙara amma ba ya jin kalma. Dalili kuwa lissafi ne. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. In akwai lasifika a kusa da kai, akwai wata mita 34 daga inda kake, duka suna fitar da murya lokaci guda, ta nesan za ta iso kunnenka bayan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, sai ka ji kowace kalma sau biyu, ga kuma bangon siminti da tayil suna ta dawo da ita. Maganinsa ba ƙarin lasifika ba ne, sau da yawa ma ragewa ne, a karkatar da su su kalli mutane ba bango ba, a jinkirta na baya su jira na gaba, a mayar da makirfon liman bayan lasifika don a daina jin wannan ƙiiii ɗin. Yaron da ya iya wannan, ya gyara masallacin unguwarsu har dattawa suka ce yau mun ji huɗuba, kwamitin masallaci na gaba da kansu za su zo gidansu. Ni a ganina nan ne ƙofar da ta fi kusa da ku.

Sai ƙirƙirar sauti, wanda shi ne ya fi min daɗi. Takun ƙafa, buɗe ƙofa, motsin riga, zuba shayi, yawancinsu a manyan fina-finan duniya ba a lokeshan ake ɗauka ba, wani ne ke tsayawa gaban allo yana yinsu da hannu, aikin da Jack Foley ya yi suna a kai a kamfanin Universal. Mu nan me muke yi? Mu sauko da tarin sauti daga intanet. Sai ka ga an nuna tsakar gida a ƙauyen Katsina amma tsuntsun da ke kuka na dajin Turai ne, an tura ƙofar langa-langa amma ƙarar ta ƙofar katako ce. Ina kukan kurciya da rana tsaka? Ina daka, ina luguden taɓare biyu a turmi ɗaya? Ina ƙarar guga in ta bugi ruwa a rijiya, ina adaidaita sahu, ina hayaniyar Kantin Kwari, ina iskar hunturu a cikin karan dawa, ina silifas a kan yashi? Ba wanda zai ɗauko mana waɗannan daga waje. Ka ɗauki ƙaramar rikoda ko ma wayarka, ka fita da asuba kafin a tada injina, ka ɗauka, ka sa wa kowanne suna da wuri da lokaci, ka adana a wuri biyu. Shekara ɗaya in ka yi haka kana da abin da babu a kwamfutar kowa. Haka kayan kiɗanmu, kalangu da kukuma da gurmi da algaita da kakaki, mun bar fiyano na kwaikwayonsu alhali masu su na raye. Kalangu fuska biyu gare shi kuma muryarsa na hawa da sauka da matsin hammata, in ka manna makirfo a fata ɗaya bugun kawai za ka samu ka rasa maganar, ja baya kaɗan ka saurara. Kakaki kuwa kar ma ka tsaya a gabansa.

Af, tunda na ga masu waƙa sun ɓata rai, Auto-Tune, manhajar nan ta daidaita muryar mawaƙi, ba haramun ba ne. Tun 1997 ya fito, wanda ya ƙirƙiro shi Andy Hildebrand injiniya ne da ya yi aikin binciken man fetur a ƙarƙashin ƙasa da igiyar sauti. Don gyaran ɗan kuskure aka yi shi, mu ne muka murɗe shi har mawaƙa goma suka koma murya ɗaya.

Ina za a koya? A Jos akwai National Film Institute tun 1995, akwai kwalejin talabijin ta NTA ita ma a Jos, jami'o'i irin su Bayero suna da sassan aikin jarida da wasan kwaikwayo. Amma hannu sai a wurin aiki. In lokacin sanin makamar aiki ya yi ku nemi gidan rediyo ko talabijin, tun da Freedom Radio ta buɗe a Kano a 2003 gidajen rediyo masu zaman kansu suka yi ta ƙaruwa a Arewa, ga Arewa24 tun 2014, ga masu fassara fina-finan Indiya zuwa Hausa, ga masu karanta littattafai suna ɗorawa a YouTube, duk murya suke sarrafawa. In ka je kar ka roƙi a ba ka labarai ka karanta, ka ce a kai ka ɗakin injiniyoyi ko naɗe waya ne ka yi. Manhaja kuma ba uzuri, Audacity kyauta ce, Reaper na ba ka kwana 60 na gwaji. Kuma a daina manna kiret ɗin ƙwai a bango ana cewa an toshe sauti, ba ya hana ƙarar waje shigowa, bargo mai kauri da katifa da labule sun fi shi rage amsawar ɗaki.

Kunnuwanku kuma. A desibel 85 awa 8 ne iyaka a yini, duk ƙarin 3 lokacin na rabewa biyu, 88 awa 4, 91 awa 2, in aka kai 100 minti 15 ne kacal. Gaban lasifikar biki kuwa kun san yadda take. In ka dawo gida kunnenka na ta ƙiii to an yi ɓarna, kuma jin da ya tafi ta wannan hanyar ba ya dawowa. Abin toshe kunne ba shi da tsada, ku riƙa yawo da shi a aljihu.

Maganar kuɗi a taƙaice, ku yi ciniki kafin a fara, a rubuta ko a WhatsApp ne, a ba da wani abu a gaba, a faɗi sau nawa za a dawo da aiki gyara, kuma sunanka ya fito a ƙarshen fim. Aikin kyauta don a san ka, sau ɗaya ko biyu ya isa.

Na ga hannu a can ɓangaren mata. Na'am ƙanwata, ɗan ɗaga murya. Tana tambaya ne wai mace za ta iya wannan aikin tunda akwai yawon lokeshan da dare. To ai ba duka ne yawo ba. Tace magana, haɗa sauti, shirin rediyo, fassarar fim, duk a zaune ake yi, da laftof da hedifon mai kyau a ɗakinki za ki karɓi aiki ki tura. Sannan ki duba kamu da walima da wa'azin mata, taro ne na mata zalla amma kullum sai an shigo da namiji ya zauna kan miksa don babu macen da ta iya, kuma akwai gidaje da yawa da za su fi son mace in da za su samu. Ki fara da ƙaramar miksa da lasifika biyu da makirfo irin SM58 mai jure wahala, ko na haya ne. An ɗago min takarda wai lokacin la'asar ya yi, sauran tambayoyin in an idar ina nan waje, masu son ganin yadda ake naɗe waya ba ta murɗe ba su same ni wajen miksa.